Juma'a a ƙasar Wudil: huhun saniya da maganar zakuna

Da sanyin safiya muka koma rugar da muka yi wa shanunta allurar gwajin tarin fuka ranar Talata. Awa 72 cif ake jira, ba a ragewa. Ana aske gefen wuya, a matse fatar a auna kaurinta, a sa ruwan gwaji mil 0.1 cikin fatar kanta. In allura ta zarce ƙarƙashin fata, aiki ya lalace. Yau muka sake awo: wadda kumburinta ya ƙaru da milimita 4 ko fiye, ana ɗaukar ta kamu da cutar. Wata tsohuwar saniya, ƙasusuwa duk a waje, ba ta kumbura ba ko kaɗan, ita ce kuma ta fi damuna, don in ciwon ya ci jiki sosai fata takan daina amsawa. Ardo ya ce, "Likita, a sake mata gobe mana." Na ce, "Baffa, sai bayan kwana 60, in ba haka ba sakamakon ƙarya za mu samu. A ware ta, madara kuma a tafasa kafin a yi nono."

Da hantsi na biya mahauta. An farke wani huhu, na yanka kaluluwar da ke tsakiyarsa, wuƙa ta yi ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi, ga wani abu rawaya-rawaya kamar cuku, alamar tarin fuka ke nan. Wani yaron mahauci ya ce kada a zubar, masu kiwon namun daji a keji suna saye da araha. Nan hankalina ya tashi.

Ta wannan hanyar ce zaki ke kamuwa. A gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu, shanun gonakin kudancin dajin ne suka shafa wa ɓauna. An gano cutar a jikin ɓauna a 1990, a jikin zakuna a 1995. Ɓaunar da ciwo ya raunana ita ce mai sauƙin kamu, garken zakuna kuma su taru a kanta, su fara da kayan ciki. Daga nan su ci gaba da shafa wa juna ta numfashi. Zakin ya yi ta ramewa, gwiwar ƙafafunsa na gaba ta kumbura, miki ya ƙi warkewa, gashi ya dushe, har ya kasa tsare yankinsa.

Na keji ma hanyarsu ɗaya, sai dai mutum ne ke miƙa musu da hannunsa. Firiza ba ta kashe ƙwayar. Gwajin fata a jikin zaki kuwa sai an sumar da shi sau biyu, ranar allura da ranar dubawa, ga tsada ga haɗari. Ba a kuma yi wa dabba magani: yana ɗaukar watanni, kuma wannan ƙwaya ba ta jin firazinamid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan mutane. Mai share kejin ma yana cikin haɗari.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarancin namu zakunan. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma kusan 400 suka rage, a Nijeriya kuma sai Yankari da Kainji, inda shanu ke kiwo har bakin daji. Garke ƙanƙani haka, mutuwar mata uku ko huɗu ta isa ta karya shi.

Na je wurin Sarkin Pawa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba na mutum ba ne, ba na kare ba, ba na zaki ba." Bai musa ba. Aka haƙa rami mai zurfi, aka ƙone huhun da hantar, aka barbaɗa farar ƙasa aka rufe. Na ɗebi kaluluwa biyu a kwalba cikin ƙanƙara don a kai ɗakin gwaji a Kano. Gobe Asabar za mu bi sawun dillalin da ya kawo saniyar mai huhun nan, mu gano garken da ta fito.