Abin da na gani a kufan Prambanan

Tafiyar kamar kilomita 17 ce daga birnin Yogyakarta, a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, zuwa Prambanan, kufan wani tsohon wurin bauta. Tun daga nesa ake hango ginin Shiva, mai tsayin mita 47, da na Brahma da na Vishnu a gefensa, duk na baƙin dutse, kowanne da sunan ɗaya daga cikin allolin addinin Hindu. An gina su ne a ƙarni na 9, lokacin da sarakunan yankin ke bin addinin Hindu. Yau kuwa akasarin mutanen Jawa musulmi ne. Wanda ya zagaya da ni ma musulmi ne, da azahar ta yi tare muka je muka yi sallah.

Shi ya koya mini yadda ake bin sassaƙar jikin bangon ginin Shiva. Ka shiga ta ƙofar gabas, ka bar ginin a hannunka na dama, ka bi shi a hankali. Labarin Rama, wani jarumi a hikayar Hindu, aka sassaƙa daki-daki: ga mugun sarki Rawana ya sace Sita matar Rama, ga birai suna ɗauke da duwatsu za su cike teku don a haye a ceto ta. Har gashin jikin biran da yatsunsu ana gani. In ka fara ta ɗaya ɓangaren, labarin zai zo maka a baibai. Ƙarshensa kuma yana jikin ginin Brahma, kada ka tsallake shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsibin duwatsun da ke kewaye. Asali gine-gine 240 ne a wurin, kuma mafi yawan ƙananan har yanzu a zube suke. Girgizar ƙasa ta rusa, shekaru sun cinye, mutane sun kwashi wasu sun yi gini. Ginin Shiva kansa sai a 1953 aka gama tayar da shi, dutse bayan dutse, sannan girgizar 2006 ta sake yi masa ɓarna. Ba sa tayar da gini sai sun samo mafi yawan duwatsunsa na asali. Na tsaya ina kallon wani dutse mai rabin fuska, ana jiran a gano ɗan'uwansa. Wallahi sai ganuwar Kano ta faɗo mini a rai, yadda take zaizayewa muna wucewa.

Mai niyyar zuwa ya yi sammako, domin kafin hantsi rana ta fara dukan duwatsun, inuwa kuma kaɗan ce. Matakalar tana da tsayi da tsini, a sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙe ruwa. Kuma kada gajiya ta hana ka ƙarasawa Sewu, kufan 'yan addinin Buda da ke arewa cikin harabar. Yawancin baƙi ba sa kaiwa can, don haka za ka duba komai a tsanake ba mai tura ka.