Lambobin da ke gaban sunan mai bincike, da ƙanƙarar da ke bayansu

A makon da ya gabata ɗan ƙanwata ya zo gidana a nan Jidda bayan sallar isha'i, riƙe da kwamfutarsa. Ya kammala digirin farko a kimiyyar teku, yana kuma neman malamin da zai duba masa aikin digiri na biyu a ƙasar waje, a fannin yanayin ƙurewar duniya ta kudu da ta arewa, inda ƙanƙara ta rufe ƙasa da teku. Ya buɗe mini shafukan malamai biyu a Google Scholar, wato dandalin intanet da ke jera maƙalun masu bincike, ya ɗora yatsa a kan lambobin da ke gefe ya ce, "Kawu, ai magana ta ƙare, wannan ya ninka wancan." Na yi shekaru masu yawa ina aiki a sashen mujallu na ɗakin karatun wata jami'a, kuma na sha jin irin wannan hukunci daga bakin manyan malamai, saboda haka ban ga laifinsa ba. Na ce masa, "Ɗana, zauna mu sha shayi, sannan mu duba abin da lambobin suke ƙirgawa."

Lamba ta farko ita ce yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalun mutum a cikin nasu rubutun. Eugene Garfield ne ya mayar da wannan ƙidaya sana'a, lokacin da ya fara fitar da kundin ambaton maƙalun kimiyya a Amurka a 1964. Lamba ta biyu ita ce ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005: idan an ce ma'aunin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙalu 40 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Ma'aunin yana da amfani, domin yana hana wanda ya dace da maƙala guda ɗaya tak ya sha gaban wanda ya daɗe yana aiki mai nagarta. Sai dai ba ya raguwa ko da mutum ya daina bincike, yana fifita dattijo a kan matashi, kuma yana ba kowane suna da ke kan maƙala lada cikakke, ko sunan na farko ne ko na hamsin.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi nauyi a binciken ƙanƙara, kuma don in nuna masa hakan sai na kawo masa tarihin Claude Lorius, Bafaranshen da aka haifa a 1932 ya rasu a 2023. Lorius ya fara zuwa nahiyar Antatika yana saurayi, inda ya kwashe hunturun 1957 a ƙaramar tashar Charcot tare da abokan aiki biyu kacal, a cikin ɗakin da dusar ƙanƙara ta binne. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda a 1965 ya jefa gutsuren tsohuwar ƙanƙara da aka haƙo a cikin abin shansa, ya ga ƙananan kumfa suna fashewa suna tasowa, sai tunani ya zo masa cewa iskar da ke fitowa iskar zamanin da ce, wadda ta maƙale tun lokacin da dusar ta sauka ta danne ta zama ƙanƙara. Tsakanin wannan tunani da maƙalun da suka tabbatar da shi a fili an yi kusan shekara 20. Duk wanda ya duba jerin maƙalun Lorius a tsakiyar waɗannan shekaru, yana ƙirga ambato kawai, ba zai hango abin da ake dafawa ba.

Aikin yana tafiya ne kamar haka. Ana haƙa rami mai zurfi a cikin ƙanƙarar, ana zaro ta sanda-sanda, kowace sanda tana ɗauke da shekaru a jere, na sama sababbi, na ƙasa tsofaffi. Daga ruwan ƙanƙarar ake gane zafi ko sanyin zamanin da dusar ta sauka, domin ƙwayoyin ruwa suna da masu nauyi da marasa nauyi, kuma idan sanyi ya tsananta masu nauyin sukan ragu a cikin dusar da ke sauka a tsakiyar nahiyar. Willi Dansgaard na ƙasar Denmak ne ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a maƙalarsa ta 1964 a mujallar Tellus, wadda har yau ake kafa hujja da ita. Daga kumfar kuma ake auna yawan iskar kabon da ke sararin samaniya a wancan zamani. Wurin da ya fi dacewa da wannan haƙa shi ne tashar Vostok da Tarayyar Sobiyet ta kafa a can cikin nahiyar Antatika, inda dusa kaɗan ce ke sauka a shekara, saboda haka kowace mita tana ɗauke da shekaru masu yawa. A can ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili, a watan Yulin 1983. Injiniyoyin Cibiyar Haƙar Ma'adinai ta Leningrad sun fara haƙa a wurin tun 1970, kuma a tsakiyar shekarun 1980, ana cikin yaƙin cacar baka, Lorius ya isa tashar ya ɗauko samfurori zuwa ɗakin gwajinsa da ke Grenoble a Faransa.

A 1987 mujallar Nature ta buga maƙalu uku na wannan ayari, waɗanda suka nuna cewa a cikin shekara 160,000 da suka shuɗe zafin duniya da yawan iskar kabon tare suke hawa, tare suke sauka. A 1998 haƙar ta kai zurfin mita 3,623, kuma a 1999 aka buga maƙalar da ta faɗaɗa tarihin zuwa shekara 420,000, ta ratsa zagayen zamanin ƙanƙara huɗu. A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon tana kai-komo ne tsakanin kusan kashi 180 cikin miliyan a lokacin tsananin sanyi da kusan 280 zuwa 300 a lokacin ɗumi. Yau ta haura 420. An ambaci wannan maƙala sau dubbai, kuma da wuya a buɗe rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ba a ci karo da zuriyarta ba.

Na sa ɗan ƙanwata ya karanta sunayen da ke kanta da babbar murya. Mutum 19 ne, Jean-Robert Petit a farko, sai Jean Jouzel, sai Dominique Raynaud, sauran kuma an jera su bisa haruffan sunayensu, har da Rashawa irin su Barkov da Kotlyakov da Lipenkov. Lorius, wanda ya buɗe ƙofar wannan aiki, shi ne na 15. A lissafin ma'aunin h dukkansu sun sami lada iri ɗaya, alhali abin da kowannensu ya zuba a cikin aikin ya bambanta ƙwarai. Akwai kuma waɗanda lissafin bai san da zamansu ba ko kaɗan, wato mahaƙan da suka yi hunturu bayan hunturu a Vostok, suna fama da injin da kan maƙale a cikin rami har a karkatar da haƙar a sake hanya. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk lokacin da na ga hoton zanen da aka fitar daga waccan ƙanƙara, domin kowane ɗigo a jikinsa akwai wanda ya ɗauko shi da hannunsa a cikin sanyin da ke daskarar da man inji.

Mu da muka tashi a kusa da zaurukan karatu na Makka da Madina muna da abin da zai taimaka mana mu fahimci wannan, ko da yake ilimin addini da na gwaji kowanne da matsayinsa. Malaman hadisi ba su taɓa ɗaukar yawan masu maimaita magana a matsayin shaidar ingancinta ba. Sun san akwai maganar da ta shahara a bakin mutane amma isnadinta mai rauni ne, saboda haka sukan bi mai ruwaya su tambayi daga wa ya ji, yaya kiyayewarsa take, kuma su wa suka yi masa shaida. Ambato a kimiyya shi ma isnadi ne, kuma ƙidayarsa ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya gina a kan aikinka da wanda ya ambace ka don ya rushe shi, ko wanda ya kwafo sunanka daga wata maƙala ba tare da ya karanta taka ba.

Haka kuma ƙidayar ba ta da haƙurin jiran aikin da ke ɗaukar lokaci. Ayarin Birtaniya a tashar Halley sun fara auna iskar ozon a sararin Antatika tun shekarun 1950, suna rubuta alƙaluma shekara bayan shekara ba tare da wani ya damu da su ba, har sai a 1985 da Joseph Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka buga maƙalar da ta bayyana ramin ozon, wato zaizayewar wannan iska da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Bayan shekara biyu aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, wadda ta taƙaita amfani da sinadaran da ke lalata ozon. Da an auna waɗannan mutane da yawan ambato a 1980, da mai yiwuwa a ce kuɗin da ake kashewa a kansu asara ne.

Ban faɗa wa yaron cewa lambobin banza ne ba, domin ba banza ba ne, kuma a nan Saudiyya mun ga ƙarfinsu. Jami'o'i suna ɗaukar malamai da ƙarin girma bisa su, kuma tun 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda wasu jami'o'in ƙasar ke biyan masu binciken da ake yawan ambato don su sanya sunan jami'ar a jikin nasu. Masana da editoci sun fitar da sanarwar San Francisco bayan taronsu na 2012, suna kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a cikinta. Duk da haka ɗalibi ba shi da ikon sauya wannan tsari, abin da yake da iko a kai shi ne yadda zai karanta shafin da ke gabansa.

Saboda haka muka koma kan malaman nan biyu, muka bar lambobin gefe muka shiga jerin maƙalun. Mai babbar lambar, yawancin ambatonsa ya fito ne daga manyan rahotannin haɗin gwiwa masu ɗauke da sunaye da dama, kuma ya daɗe bai jagoranci maƙala da kansa ba. Ɗayar, mace ce matashiya, maƙalunta kaɗan ne, amma sunanta ne na farko ko na ƙarshe a yawancinsu, wato gurbin wanda ya yi aikin ko ya jagorance shi, ɗalibanta suna fitowa a matsayin marubuta na farko, kuma ta ajiye alƙaluman ma'auninta a rumbun da kowa zai iya saukewa ya sake lissafi. Batun da take bincike a kai, wato yadda ruwan teku mai ɗumi ke cin ƙanƙara ta ƙasa, ya fi kusa da abin da ya karanta, kuma ya shafe mu kai tsaye. Ƙanƙarar tsibirin Girinlan da ke can arewa kaɗai tana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku sama da mita 7 idan ta narke duka, ta Antatika kuma kusan mita 58, mu kuwa a bakin Bahar Maliya muke kwana muke tashi.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, to ta yaya zan san halinta da ɗalibai?" Na ce wannan ba ya cikin kowane shafi, sai ya nemi biyu daga cikin waɗanda suka gama a hannunta ya rubuta musu cikin ladabi ya tambaya. Kafin ya tafi ya roƙi in nemo masa maƙalun nan uku na 1987, kuma washegari na buga masa su a takarda. Jiya ya kira ni yana tambayar yadda aka san shekarun iskar da ke cikin kumfa, tunda ta fi ƙanƙarar da ke kewaye da ita ƙuruciya, kuma mun yi alkawarin zama a kan wannan ranar Juma'a bayan la'asar.