Kafin ka goge tsohon ɓangaren faifai bayan ka kwafi Ubuntu a VirtualBox

Faifan kwamfutar da ke cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, ya cika, ka ƙirƙiri sabo mai girma, ka kwafe komai da manhajar kwafin faifai irin Clonezilla ko dd, tsarin ya tashi lafiya lau. Saura goge tsohon. A nan ne mutane ke yin ɓarna, domin tashin da tsarin ya yi bai nuna daga wane faifai ya tashi ba.

Kowane ɓangaren faifai yana da lambar shaida da ake kira UUID, kuma da ita GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, da fayil ɗin /etc/fstab, mai jerin ɓangarorin da za a ɗora lokacin tashi, suke gane shi. Kwafi yana ɗauko wannan lamba yadda take. Ko umarnin VBoxManage clonemedium, fayil ɗin VDI, wato fayil ɗin da VirtualBox ke ajiye faifan a ciki, kaɗai yake ba sabuwar lamba, na cikin faifan ba ya taɓa su. To ga ɓangarori biyu da suna ɗaya, Linux kuwa wanda ya fara gani shi zai kama. Yana yiwuwa ka yi mako guda kana aiki a kan tsohon kana zaton sabon ne.

Don haka fara da lsblk -o NAME,SIZE,UUID, ka dubi lambobin da girman kowane faifai, sannan findmnt / ya faɗa maka ɓangaren da tsarin ke zaune a kai yanzu. Kada ka dogara da sunayen sda da sdb, suna iya musanyawa idan ka canza mashigar da faifan ke jone.

Gwajin da ya fi kowanne ba ya buƙatar goge komai. Kashe na'urar da ke cikin VirtualBox, shiga saitunanta na ma'ajiya, cire tsohon faifan ba tare da share fayil ɗinsa ba, ka kunna. Idan ta tashi, fayilolinka na jiya suna nan, ka sake kunnawa sau biyu. Idan ta ƙi, galibi GRUB yana kan tsohon faifan ne, ko ƙaramin ɓangaren EFI mai tsarin FAT32, inda fayilolin tayar da tsarin suke, bai zo cikin kwafin ba. Mayar da tsohon, yi grub-install a kan sabon faifan, bi shi da update-grub.

Idan faifan duka za ka jefar, aiki ya kusan ƙarewa, sai dai ka tabbata kwafinka cikakke ne. Kwafi mai jingina da na asali (linked clone), da hotunan yanayi (snapshots) da aka ɗauka, bambanci kawai suke ajiyewa. Ka share uwar, 'ya'yan sun mutu. VirtualBox yakan hana hakan ta manajan faifansa, amma ba ya iya hana ka idan ka je babban fayil ka goge da hannu.

Idan kuma ɓangare ɗaya za ka cire, ka ci gaba da amfani da faifan, tashi daga GParted Live, ƙaramin tsarin gyaran ɓangarorin faifai. Wanda aka fi cirewa shi ne swap, ɓangaren da tsarin ke amfani da shi idan RAM ta cika, don yakan tsaya a bayan babban ɓangare ya hana shi faɗaɗa. Kafin nan ka yi swapoff -a, ka cire layinsa daga /etc/fstab. Wanda ya manta wannan zai zauna yana kallon allo daƙiƙa 90 a kowane tashi, systemd, mai tayar da ayyukan tsarin, na jiran abin da babu shi. In ɓangaren bayanai ne ya ɓace, ba jira kaɗai ba, yanayin gaggawa za ka faɗa. Akwai wani wurin da ake yawan mantawa: /etc/initramfs-tools/conf.d/resume. In tsohuwar lambar swap tana ciki, mai da layin RESUME=none, sannan update-initramfs -u.

Mai son ajiye ɓangarorin biyu na ɗan lokaci ya canza wa tsohon lamba. In tsarin fayilolin ɓangaren ext4 ne, sai e2fsck -f tukuna, sannan tune2fs -U random, ɓangaren yana sauke, wato ba a ɗora shi ba. Tsarin fayiloli na XFS ma ba ya yarda a ɗora lamba ɗaya sau biyu, nasa maganin xfs_admin -U generate. LVM kuwa, tsarin haɗa ɓangarori rukuni-rukuni, vgimportclone yake so.

Bayan gogewar kada ka yi mamaki in fayil ɗin VDI bai ragu ko kaɗan ba. Goge ɓangare layinsa kawai yake cirewa daga teburin faifai, bayanan suna nan kwance. Sai an cike gurbin da sifili, da zerofree misali in gurbin ya riga ya shiga cikin ɓangaren ext4, a kashe na'urar, sannan VBoxManage modifymedium disk da --compact ya dawo maka da filin.