Me ya haɗa Wudil da Doguwa?

Yau aka turo taswirar mazaɓar sanatan Kano ta Kudu a wani zauren WhatsApp, wani ya tambaya: me ya haɗa Wudil da Doguwa? Tambayar ta tsaya min a rai. Ƙananan hukumomi 16 ne ke ƙarƙashin kujera ɗaya. Mutumin Wudil hankalinsa na kan kasuwar shanu ta Juma'a. Na Doguwa yana can wajen duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza, dajin Falgore ya raba shi da birni, hanya da tsaro ne damuwarsa. Manomin rani a Bunkure kuwa ruwan dam ɗin Tiga yake jira, wanda aka gina zamanin Audu Baƙo. Idan ciyawar kacala da yashi suka toshe magudana, gonakin ƙarshen layi ne ke fara bushewa, tumatir ya zubar da fure.

Kabiru Gaya ya riƙe kujerar daga 2007 zuwa 2023, Kawu Sumaila ya karɓa, dukansu daga gabashin mazaɓar. Ina son jin abin da ɗan takara na gaba ya tanadar wa magudanan Tiga da hanyar Falgore.