Hoton Baba da ruwa ya ci, da waɗanda nake ɗauka yanzu

Jiya Lahadi na dawo daga kasuwar Gujungu da ƙura har cikin kunne, mashin ma sai da na sauka na tura shi a wajen yashin nan na bakin garinmu, amma wallahi raina fes, don na samu hoton da na fi wata biyu ina jira. Wata tsohuwa ce mai sai da faifai da tabarmar kaba, kullum waje ɗaya take zama, duk zuwan da na yi sai na tsuguna mun gaisa na sayi ko da faifai ɗaya ne, ban taɓa ciro kyamara a gabanta ba. Jiya ita da kanta ta ce min, "Wai ɗan nan, jakar nan da kake rungume da ita kullum mene ne a ciki?" Na ce Iya, abin ɗaukar hoto ne. Ta ce to ni me na yi maka da ba za ka ɗauke ni ba? Ta gyara mayafi, ta jawo faifan da ta fi ji da shi, mai ja da kore, ta ɗora a cinya, ta kalle ni ba murmushi ba ɗaure fuska, kallon wadda ta san darajar aikin hannunta. Sau uku kawai na danna.

Ni ba sana'ata ba ce hoto, malamin firamare ne ni a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura, kuma ina taɓa noma kamar kowa a nan, gero da riɗi da ɗan zoɓo. Ba na zuwa biki ɗaukar hoto don kuɗi, akwai samarin da abincinsu ke nan kuma ba na son shiga musu hanci. Amma yanzu yara har sun laƙaba min Malam mai hoto, ni ma na karɓa.

Abin da ya jefa ni cikin harkar nan ba daɗi ba ne. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, hoto ɗaya tak yake da shi a duniya in ka cire na katin zaɓe. Wani mai hoto ne da ke zagayen ƙauyuka a keke lokacin sallah ya ɗauke shi, zamanin fim, wanda sai mutum ya cika guda 36 ɗin nan na cikin fim kafin ya tafi Kano ya wanko, ku yi ta jira sati biyu ko uku, wani lokacin ma ya dawo ya ce naku ya ƙone. Na Baba dai ya fito. Yana tsaye cikin farar babbar riga, hannu ɗaya a kan kekensa, rediyonsa rataye a kafaɗa, bayansa katangar zaurenmu ta ƙasa. Aka sa shi a gilashi aka rataye a ɗakin Inna, shekara da shekaru yana nan, har muka daina ganinsa saboda sabo.

Sai ambaliyar 2022, wadda duk ɗan Jigawa ba zai manta da ita ba. Ruwa ya shigo mana da dare, muka kwashe yara da awaki da abin da hannu ya iya ɗauka, ɗakin Inna ya zauna bayan kwana biyu. Da ruwa ya janye na tono hoton cikin taɓo, gilashin ko tsagewa bai yi ba, na yi murna, ashe ruwa ya shiga ciki takardar ta manne da gilashi, ina ɗagawa fuskar Baba ta biyo gilashin ta narke a hannuna. Keken ya rage, rediyon ya rage, rigar ta rage. Inna ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta ce "Allah ya ji ƙan maza," ta sa a ƙasan adakarta, har yau yana can. Abin da ya fi ci min rai shi ne a lokacin ina da waya mai kyamara a aljihu ta fi shekara uku, ban taɓa tunanin in ɗaga ta in ɗauki hoton hoton nan ba, aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Kakar da ta biyo baya da na sai da riɗi na shiga Kano na sayo kyamarar Canon 600D ta hannu, tsohuwar ƙira ce ta 2011, megafiksel 18, amma ni ta ishe ni har ta yi yawa. Ta zo da gilashinta mai zuƙowa na 18 zuwa 55, daga baya na ƙara da na 50 ɗin nan mai buɗewa har 1.8, shi ne wanda in ka ɗauki mutum sai bayansa ya narke ya yi laushi fuskar ta fito ita kaɗai. Tunda na same shi da wuya in cire shi.

Ba wanda ya koya min sai bidiyoyin YouTube da nake saukewa in na shiga Ringim inda sabis ke da ƙarfi, da kuma ɓata hotuna ba adadi. Kuma yawancin masu koyarwar nan a ƙasashen da rana ba ta da zafi suke, abin da suke faɗa ba duka ke aiki a nan ba. Mu nan daga wajen goma na safe zuwa la'asar rana a tsakiyar ka take, in ka ɗauki manomi da malfa sai ka ga hula da haɓa kawai, ido da hanci duk sun shige inuwa. Ga matsalar farin kaya, mu mutane ne masu son farar shadda kuma fatarmu baƙa, ita kuwa kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske da kanta, rigar ta fito tas fuskar mai rigar ta zama duhu. Sai da na daɗe kafin na gane cewa zan iya ƙara mata haske da mataki ɗaya, ko in sa ta auna hasken daga fuska kawai, ko kuma mafi sauƙi in ce Baffa ɗan matso bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya a hankali. Bakin zaure ya fi min duk wani situdiyo. Lokacin da na fi so kuwa shi ne bayan asuba kafin in tafi makaranta, da kuma la'asar sakaliya, sanda shanu ke dawowa daga kiwo ƙurar ƙafarsu ta tashi rana ta ratsa ta ta koma ja kamar garwashi.

Ƙurar nan da ke ƙawata hoto ita ce kuma babbar abokiyar gabar kyamara. Hunturun farko na canza gilashi a tsakiyar gona iska na kaɗawa, daga ranar duk hoton da sama ta fito a ciki sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a waje ɗaya, sai da na kai ta Kano aka goge cikin. Yanzu a ɗaki kaɗai nake canzawa, kuma in zan hau mashin sai na naɗe ta da tsohon rawani na sa a leda sannan jaka. Caji kuwa wajen yaron da ke cajin waya da sola nake kai batir, biyu gare ni, ɗaya na aiki ɗaya na can.

Yanzu kaka ce, kuma ba lokacin da ya kai shi a wajena. Dammunan gero jingine a gona, amalanke na ta jigila, mata na sussuka da shiƙa a bayan gari ƙaiƙayi na tashi cikin rana, ana yaɓe rumbu ana ɗora masa sabon jinka. Rumbun nan ina ɗaukarsa da gayya, don ina lura duk wanda nasa ya faɗi yanzu ba ya sake ginawa, ɗakin kwano yake yi ya zuba buhuna. Ban ce laifi ba ne, kowa da abin da ya fi masa sauƙi, amma ina so jikokinmu su ga yadda abin yake.

Sai dai ɗaukar mutane a ƙauye ba wai ka ɗaga kyamara ka danna ba ne. Farkon farawata duk inda na tsaya sai a zagaye ni ana tambaya ko sunaye ake rubutawa na tallafi, in na ce a'a don kaina nake yi sai a ga kamar ɓoyewa nake. Akwai dattawan da suka ce min su ba sa son hoto saboda abin da suka fahimta a karatunsu, ban taɓa ja da su ba, in ce Allah ya gafarta Malam na gode, in mai da kyamara jaka mu ci gaba da hira. Matan aure kuwa ba na ɗauka sai da yardarsu da ta mazajensu, in cikin gida ne ma ƙanwata nake ba kyamarar, na koya mata, kuma in faɗi gaskiya hotunanta na daka da tuƙin tuwo sun fi nawa rai, saboda a gabanta ba wadda ke ƙamewa. Waɗannan ba na sa su a Facebook ko kaɗan, na masu su ne. Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda yanzu in hatsari ya faru a titi kafin a kai hannu an kai waya, a ɗauki gawar mutum a watsa a WhatsApp, uwarsa ta gani kafin a zo a yi mata gaisuwa. Wannan ba hoto ba ne, rashin imani ne, kuma duk saurayin da ya zo yana so in nuna masa kyamara da wannan maganar nake fara masa.

Hoton da na fi alfahari da shi na Sarkin Maƙeran garinmu ne. Maƙerarsa ƴar bukka ce mai duhu, hasken ƙofa ne kawai sai na wuta, dole na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har 1600 duk da na san hoton zai yi tsaki-tsaki. Na zauna a gefe kusan awa biyu jikansa na zuga zugazugi, shi kuma yana ƙera ruwan fartanya, ya riƙe da awartaki ya ɗora a uwar maƙera yana duka, har ya manta ina wajen. Wanda ya fito da kyau ba fuskarsa a ciki sosai, hannuwansa ne da jan ƙarfe da tartsatsi. Da na wanko na kai masa na durƙusa na ce ranka ya daɗe ga aikinka, ya karɓa ya matsar da shi nesa da ido ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wannan ai hannun babana ne." Ya kira ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu yatsun. Ni dai fita na yi waje don idona ya kawo ruwa.

Tun ranar na ɗaukar wa kaina cewa duk wanda na ɗauka sai na wanke na kai masa a takarda. Nuna wa tsoho fuskarsa a bayan kyamara na daƙiƙa biyar sannan ka tafi da ita gidanka, a ganina ba ka ba shi komai ba. Kuɗin wanki na cin aljihu, ba ƙarya, shi ya sa nake tarawa sai ƙarshen wata in an yi albashi.

Ina ɗan fita nesa jefi-jefi. Na je hawan sallah a Ringim, a nan na koyi cewa doki mai sukuwa sai ka sa saurin ɗauka ya kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa in ba haka ba ƙafafun su zama hayaƙi. Na je Baturiya a Kirikasamma cikin sanyi don in ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su sauka a fadamar, na gan su da idona kuma abin ya burge ni matuƙa, amma gilashina ba ya zuƙo nesa, a hoto sai suka zama kamar an watsa barkono a ruwa. Sai na juya na ɗauki masunta da komarsu, kuma ban yi da-na-sani ba. Kasuwar Maigatari ma ina da niyya wata Alhamis in an yi hutu, saboda raƙuma.

Wani aikin da na ƙara wa kaina shi ne bin gidajen dangi da maƙwabta ina cewa a fito min da tsofaffin hotuna, na aure, na dawowa daga Makka, na gama firamare, in shimfiɗa su a tabarma cikin inuwa, ba fitilar kyamara don kar su yi ƙyalli, in tsaya daidai samansu in ɗauka ɗaya bayan ɗaya, in rubuta sunan mai hoton da ɗan wane ne a littafi tun masu sanin suna raye. Kwafi ɗaya na kwamfutata, ɗaya a filas ɗin ajiyar bayanai wajen yayana a Dutse, waɗanda na fi ji da su kuma ina tura su intanet in na samu data. Goggonmu da farko cewa ta yi ita ba ta da komai, bayan sati ta aiko jikarta da wata tsohuwar jakar hannu cike da hotuna, har da na kakanmu da ban taɓa sanin an ɗauka ba. Na zazzage jakar kaf ina addu'a ko Baba zai fito a gefen wani, bai fito ba. Akwai sauran gidan Kawu a can wajen Gumel da ban je ba, an ce shi ma yana da nasa tarin.

Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga Kano wanki, guda ashirin da bakwai na tara wannan watan. Na Iya mai faifai biyu zan yi, don har na ta da mashin ta aiko yaro ya tsai da ni, wai in ƙara ɗaya za ta aika wa ƴarta da ke aure a Haɗeja, shekara biyu ba su ga juna ba.