Godiya ga jama'ar Gadarif da duk wanda ya tsaya wa Babanmu

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. A madadin Mama da ƙannena, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana tun ranar da Baba ya faɗi har zuwa yau da ya fara takawa da sanda. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Yanzu harshe ya saki, yana riƙe kofin shayi da kansa, har ya koma musun ƙwallo da maƙwabta. Mun gode wa Ubangiji.

Da yawanku a nan kun san shi ne a matsayin tsoho ɗan gudun hijira mai jar hula, don haka bari in gaya muku wanda kuka taimaka. Baba mutumin Wusasa ne ta Zariya. Yana saurayi ya zo Umdurman ta Sudan da sana'ar kanikanci, ya yi aure, ya haife mu. Tun da na yi wayo rayuwarsa a kan abu biyu take tafiya, coci da Marikh, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Umdurman. Kiran sallar asuba na masallacin unguwa shi ke tashinsa. Sai ya zauna bakin gado da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya karanta Zabura a hankali, ya sha shayi da madara, ya biya wurin mai jarida ya sayi ta wasanni kafin ya wuce gareji. Lahadi ranar aiki ce a Sudan, amma duk masu kawo masa mota sun san ba ya taɓa sifana sai an tashi daga sujada. Da Larabci ake yi, shi kuma a ƙasa-ƙasa yana bin waƙar da Hausa.

Ranar wasa kuwa tun la'asar yake kama hanyar filin Marikh da 'yar rediyonsa a aljihu, don ya saba yana kallo yana jin mai sharhi. A 1989 da Marikh ta ɗauki kofin Afirka na zakarun kofuna, da Bendel United ta Najeriya ta kara a wasan ƙarshe. 'Yan'uwansa 'yan Najeriya sun yi ta masa tsiya, ya ce shi inda ya ci gishiri nan yake goyon baya. Yana cikin fili a watan Maris na 2010 lokacin da Endurance Idahor, ɗan wasan Marikh ɗan Najeriya, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa, rai ya yi halinsa. Ranar ce na fara ganin hawayen Baba, kuma har yau yana sa iyalin yaron a addu'a.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya raba shi da duka biyun, coci da Marikh. Muka gudu Madani, a watan Disamba Madani ma ta gagari zama, muka iso Gadarif da kayan jikinmu. Abinci bai yanke mana ba, albarkacinku. Amma Baba ya yi shiru. Mutumin da ba a raba shi da hira sai ya wuni a kan tabarma yana kallon katanga. A ganina tun a lokacin ciwon ya fara cinsa, faɗuwar daga baya ta zo.

Godiya ta farko ga samarin layinmu da suka ɗauke shi cikin dare, ba wuta, suka kai shi asibiti da fitilar waya. Sai ma'aikatan jinya da suka kula da shi duk da cunkoson da ya fi ƙarfin gadajensu. Baba Liman, kai ka tashi bayan sallar magariba ka ce maƙwabcinku na kwance, a kawo abin da ya sawwaƙa, ba ka tsaya bayanin addininsa ba, ba kuma wanda ya tambaya. Da wannan kuɗin muka sayi maganin farko. Allah Ya ƙara girma. Iyayenmu 'yan zumuntar mata, kun yi ta karɓa-karɓar kwana da Mama, kuna zuwa da kisra da miya da kunu mai ɗumi. 'Yan kasuwar riɗi, da 'yan'uwa na Jidda da Kano da Zariya da suka turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, saƙonku duk ya iso.

Akwai mutum biyu da uku da nake so in daɗe a kansu. Ƙanenmu mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, Musulmi ne, ɗan asalin Mai Wurno. Da ya ji Baba na cewa ya yi kewar coci, bai ce komai ba, sai ga shi Lahadi da safe a ƙofar gida. Shi ke tallafo shi, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi, ya bi hanya a hankali yana kauce wa ramuka, ya jira a inuwar dogonyaro har a tashi. Safiyar Lahadi lokacin samunsa ne, amma ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Ranar farko da Baba ya karɓi jibin Ubangiji da hannun hagu yana rawa, Fasto da kansa ya sauko ya riƙe masa ƙoƙon.

Sai dattawan majalisar mai agashe, wato mai gasa nama, waɗanda kusan dukansu magoya bayan Hilal ne, babbar abokiyar hamayyar Marikh. Da yaƙi ya kori ƙungiyoyin biyu suka buga gasar Muritaniya a kakar 2024/2025, ganin wasa ya zama sai mai data. Kawu da abokansa suka riƙa haɗa kuɗi su sayi data, su kwaso kujerunsu zuwa tsakar gidanmu, su jingina waya a jikin tulu, su kalli wasan Marikh, ƙungiyar da suka shekara suna adawa da ita. Da gangan suke tsokanarsa, su ce mai tsaron gidanku barci yake, don ya buɗe baki ya rama. Mai gashin ƙashi ya ce a yi ta sa shi magana, to ga waɗanda suka iya sa shi. Jimlar farko da ya faɗa cikakkiya bayan ciwon, a kan alƙalin wasa ya faɗe ta, Mama tana ɗaki ta fito da gudu.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, alherinsa na rubuce a wurin Allah. Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya, bayan an tashi kuma akwai abinci a gida, Musulmi da Kirista kowa muna gayyatarsa. Baba yana da roƙo ɗaya. Abokan zamansa na fili a Umdurman, waɗanda suke haɗuwa ta ɓangaren masu tsayuwa, tun farkon yaƙi bai ji ɗuriyarsu ba. Duk wanda ke da labarin wani daga cikinsu, ko mai daɗi ko akasin haka, don Allah ya sanar da mu.