Abin da taifot ɗin kaji ke koyarwa game da rigakafin Salmonella

Salmonella, ƙwayar cutar da ke haddasa taifot ɗin kaji, ba ta tsayawa a cikin jini inda sojojin garkuwar jiki za su same ta cikin sauƙi. Da ta ratsa bangon hanji, sai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj su haɗiye ta don su narkar da ita, amma ita sai ta mayar da cikinsu mafaka, ta hayayyafa, su kai ta hanta da saifa. Shi ya sa kazar da taifot ya kashe ake samun hantarta a kumbure, launinta ya koma kamar na tagulla.

Daga nan bambancin rigakafi biyu ya samo asali. Wanda aka yi da matacciyar ƙwayar cuta yana tayar da sinadaran kariya a jini, har su shiga gwaiduwa su kare ɗan tsako kwanakin farko, sai dai ba sa isa ga ƙwayar da ta ɓuya. Mai rai wanda aka raunana shi ne ke tayar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T, su fitar da sinadarin intaferon gama, wanda ke zaburar da makrofaj ta kashe abin da ta haɗiye. Don haka gwajin jini mai kyau ba shaidar kariya ba ne, ko da yake masu gona na son ganinsa a takarda.

Rigakafi mai rai nau'in 9R, wanda masanin kimiyya Williams Smith ya samar a Ingila a 1956, shi ne aka fi amfani da shi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, na yin rigakafin wannan cuta. Allura ce a ƙarƙashin fata, galibi a mako na 6, a maimaita kafin fara ƙwai. Yana ɗan kare kaji daga wani nau'in Salmonella da ake kira Enteritidis saboda danginsu ɗaya, amma kada a dogara da shi kan nau'in Typhimurium.

Inda aka fi yin asara shi ne antibayotik. Rigakafin nan ƙwayar cuta ce mai rai. In akwai magani a ruwa ko a abinci kwanaki kaɗan kafin allura ko bayanta, ƙwayar rigakafin ta mutu, kuɗi sun tafi. Wasu daga cikin garin "bitamin" na 'yan tsaki akwai antibayotik a ciki, a karanta jikin leda. A ajiye kwalba a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an haɗa a ƙarar cikin awa 2. Garken da gumboro, cutar da ke raunana garkuwar jikin kaji, ya taɓa, ko mai cin masara mai fumfuna, ba ya karɓar rigakafi sosai, kuma kazar da ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da cutar, don haka ba a barin ta cikin masu ƙwan ƙyanƙyasa.